Wa Ya Ce Ka Yi Haka?

Shekara goma sha ɗaya na yi a rumfar Alhaji Gambo,
nan Marwa, bayan babbar kasuwa,
ƙarƙashin agogon bango mai tari kamar tsoho.
Ƙafa takwas a yini, ba ragi, ba ƙari.
Shi ke zanawa, ni ke yankawa,
shi ke tunani, ni ke hudawa.
In basilla ta kauce ko da ƙiris
sai inuwarsa ta faɗo a kan kirgi:
"Wa ya ce ka yi haka?"
Ba wanda ya ce. Laifin ke nan.

Hannu ya ƙware, kai ya yi barci.
Takalma dubu nawa na ɗinka,
ban san ƙafar ko mutum ɗaya ba.

Ran da na bar shi, ruwa ya sauko Mayo Kaliyawo.
Na tsallaka da wando a naɗe,
da aska, da basilla, da sefa jaka bakwai,
na kama ɗaki a Domayo, labulensa buhu.

Kada in yi ƙarya,
watan farko 'yanci ya kusa kashe ni.
Akuyar da ta saba da turke
ko an kwance ta, gindinsa take kewayawa.
Na yi barci har rana ta gasa min diddige,
na sha shayi a gindin darbejiya
har ganyenta ya san sunana.
Ƙafa uku a mako.
Dudu ta auna gero da murfin kwano,
ba ta ce komai ba.
Da ma ta ce.

Sai wani dare zafi ya hana ni runtsawa,
na kunna fitila, na jawo fata
tun ladani bai gyara murya ba.
Ashe ni mutumin asuba ne!
Kafin hantsi na gama
abin da a da ke kai ni la'asar.

Na ɓata fatu, ban ɓoye ba.
Na ɗora jan karan dafi kan baƙi, ya ƙi,
na sake, ya ƙi,
a karo na biyar ya zauna.
Asarar daga aljihuna ta fita,
shi ya sa ta tsaya ta koya min karatu.

Wata tsohuwa mai albasa daga Meskin,
babban yatsanta ya hau kan na kusa,
ba takalmin da bai cije ta ba.
Na auna ta da zare, na yanka mata nata, ita kaɗai.
Ta taka, ta tsaya, ta sake takawa,
ta ce, "Yaro, yau ƙasa ta yi laushi."
Ba a taɓa biyana da irin wannan kuɗin ba.

Yanzu wata rana sha biyu, wata rana biyar,
wata rana in rufe in je jana'iza.
Amma ba ƙafar da ta dawo da ƙara.

Bana na ɗauki yaro, Saliyu.
Jiya na hango shi ya juya ɗinki ta baya,
sai na ji magana ta taso min a maƙogwaro
da muryar da ba tawa ba:
"Wa ya ce..."
Na haɗiye ta. Ɗaci kamar bagaruwa.
Na fita sayen goron da ba na bukata.

Da na dawo, ya lalata fatar jaka biyu,
baki ya karkace, maɗauri ya zarce.
Sai dai can wajen diddige
akwai wani ƙulli da ban taɓa gani ba.
Na ja, ya ƙi.
Na sa haƙori, ya ƙi.

Na miƙa masa wata fatar.
Ya tambaye ni ƙarfe nawa zai zo gobe.
Na dubi bangona, ƙusa ce kawai a jiki.
Na ce, "In hannunka ya farka, biyo shi."